Ƙishirwar Doña Herminia

Duk wanda ya saba hawowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta titi na ashirin da huɗu, a unguwar Mission ta San Francisco, ya san Doña Herminia Quintanilla ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan da ke tsaye daf da matakala, da keken sayayya na kanti da ta mayar amalanke. A cikinsa akwai tukunyar tamal irin na mutanen Salvador, curin masara da naman kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, ga kuma ƙaton fulas na kunun masara mai ƙamshin kirfa. Tun da sassafe take zuba wa leburori da masu goge-gogen ofis kunun nan har rana ta karkata, amma ba wanda ya taɓa ganin ta kai kofi bakinta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, mai kunu ce ke wuni da ƙishirwa.

Ba rowa ba ce, ba kuma azumi ba. Garin nan ne ba shi da ta ido. Kowace kusurwa akwai mai sayar maka da abin sha, amma in abin ya zo fita, kai ka sani. Shaguna duk sun manna takarda a ƙofa, wai banɗaki sai wanda ya yi ciniki. A shekararta ta farko a filin, Herminia ta taɓa barin amalanken ta ruga gidan shayin tsallaken titi, ta sayi biredin da ba ta buƙata don a ba ta makulli. Da ta dawo sai ta tarar da wurin wayam, ba tukunya ba fulas. Ta tambayi masu jiran bas, kowa ya ɗaga kafaɗa ya kau da kai. Ranar ta yanke wa kanta hukunci biyu: ba ta ƙara barin kayanta, ba ta kuma ƙara roƙon ɗan Adam komai a filin nan. Wanda bai sha ba ai ba ya neman makewayi.

Ba a nan ta koyi riƙe ƙishirwa ba. Lokacin yaƙi ta baro garinsu Usulután na ƙasar Salvador, bayan an tafi da mijinta wata safiya ba a dawo da shi ba. Ta ratso Mexico a bayan motar kaya, ƙarƙashin tampol, da 'yarta Idalia a cinya, direban kuwa ya rantse ba ya tsaya wa kowa. Ɗan ruwan da ke gare ta ta riƙa ɗiga wa yarinyar, ita kuma ta jefa ɓawon lemun tsami a baki tana tsotsa. Dabarar ta kawo ta lafiya, sai ta riƙe ta. Shekara goma sha wani abu aljihun rigar girkinta bai rabu da ɓawon lemu ba. Da amalanken nan ta biya haya, da shi ta yi wa Idalia makaranta har ta zama mai taimakon likitan haƙori. Shi ya sa in ka taɓa amalanken kamar ka taɓa mata ido ne.

Mutum ɗaya ne a filin take jin kamar ta shaƙe, Ɗan'uwa Nicanor mai wa'azin titi. Dogon tsoho ne ɗan Guatemala, tsohon mai fenti, wanda ya ce Allah ne da kansa ya raba shi da kwalba. Kullum yana zuwa cikin kwat ɗaya tilo da ta sha guga har tana sheƙi, yana jan lasifika da batirin mota a kan ɗan keken dako. Filin duk faɗinsa, bai ga wurin kafa ta ba sai kusa da tukunyar Herminia, wai nan jama'a ke taruwa.

"'Yar'uwa Herminia, an tashi lafiya?"

"Ban haɗa uwa da kai ba. Juya ƙahon nan can, kana tsinka min kunu."

"Kunu ba ya jin wa'azi. Mai kunu ake yi wa."

"Mai kunu tana zuwa coci tun kana kwana a kwata."

Shi abin da ke tsone masa ido hoton Maryama ne da ta ɗaure a goshin amalanken, wai a cocinsu wannan bautar gunki ce. Ita kuwa abin da ke ƙona mata rai, saboda ƙarar lasifikar sai ta tambayi mutum sau uku na kaza yake so ko na wake kafin ta ji amsa. Haka suka kwashe shekaru, gaisuwarsu ke nan.

Jiki dai ba ƙarfe ba ne. Ciwon ya fara mata a ƙugu ta gefen hagu, ta ce tsayuwa ce. Ya koma zazzaɓi, ta ce sanyin hazo ne. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a matakalar gidansu aka kwashe ta zuwa asibitin unguwa. Likitar, wata yarinya mai gilashi, ta ce tsakuwa ce a ƙoda, kuma ƙodar hagu ta riga ta jigata.

"Doña, ruwa nawa kike sha a wuni?"

"Ina sha da yamma."

"Ba yamma na tambaya ba. Ko ki riƙa shan ruwa a wurin sana'arki, ko ki bar sana'ar. Na ukunsu shi ne injin wankin ƙoda, kuma ba na yi miki fatansa."

A mota Idalia ta ɗora nata. "Mama, ga ɗaki a gidana ba kowa a ciki. Me kike nema a titi har yanzu? Wallahi in kika sake faɗuwa, da hannuna zan kai amalanken nan bola."

Herminia ta san ɗakin, ta san kujerar da ke gaban talabijin, ta kuma san tsofaffin da aka ajiye a irin kujerar. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, wanda ya fi na injin.

Ana cikin haka hukumar gari ta tuna cewa talaka ma yana da mafitsara. Wata safiya babbar mota ta sauke wani koren ɗaki na ƙarfe a gefen filin. Ka jefa kwandala ɗaya ta senti ashirin da biyar, ƙofa ta zuge da kanta. Ka fito ta rufe, ka ji ruwa na ambaliya a ciki, ɗakin yana wanke kansa kafin ya karɓi na gaba. 'Yan filin suka samu abin magana. Direbobin tasi suka ce ya fi ɗakin da suke haya tsabta. Wani mashayi ya ce shi in dai ana wanka kyauta a ciki to ya samu gida. Herminia tana kallo daga nesa, tana jin ƙarar ruwan nan, maƙogwaronta kamar an zuba toka.

Ɗakin ya zo, amma amalanken fa? Sai ranar da ta ga wani gurgu ya shige ciki da kekensa gaba ɗaya, ƙofa ta rufe ba abin da ya maƙale. Ta auna faɗin ƙofar da ido, ta auna amalankenta. Washegari ta sha ruwa kofi biyu kafin ta baro gida. Da hantsi ta ɗaure murfin tukunya da igiya, ta lulluɓe komai da leda, ta duba hagu ta duba dama, ta tura amalanken ciki.

Kwanaki kaɗan abin ya tafi daidai, don tana zaɓen lokacin da filin ya yi sauƙi. Ciwon ƙugu ya lafa. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata Asabar ƙofar ta zuge, ta turo amalanken waje, sai ga ta ido da ido da Doña Fidelina mai shagon kitso, wadda in ta ji magana da safe, kafin azahar an ji ta har garin Oakland da ke tsallaken ruwa.

"Herminia! Abincin da muke ci ne kike shiga da shi masai?"

"A rufe yake, Fide. Dubi, a ɗaure yake. Ɗakin ma wanke kansa yake yi."

"Ko da zinare yake wanke kansa! Kai, jama'a, ni da na kai wa jikokina jiya!"

Kafin Litinin sunan ya bi gari, tamal ɗin masai. Leburorin da ta shekara tana ba su bashi suka riƙa sauka ta ɗaya matakalar. Wasu sukan gaishe ta daga nesa, suna shafa ciki wai sun karya a gida. Tukunya ta koma gida kamar yadda ta fito. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta ga laifinsu ba. Ita kanta, da wata ce ta yi haka, ko kyauta ba za ta ƙara cin abincinta ba. Ta sayi sabuwar tukunya, ta wanke amalanken da ruwan bilic a tsakiyar fili kowa na gani, ta daina doshin koren ɗakin. Ɓawon lemu ya dawo baki, ciwon kuma ya dawo ƙugu. Ta ɓoye wa Idalia.

Ashe ba ita kaɗai ke shiga da kaya ba. Ɗan'uwa Nicanor ma ba ya iya barin lasifikarsa a waje, ga shi ciwon tsofaffin maza ya kama shi, fitsari ya matsa amma ya ƙi fita. Yakan katse wa'azi ya ja kekensa ciki, ba wanda ya damu, tunda ba a cin lasifika. Ran nan sauri ya sa ya manta bai kashe ta ba, makirufo kuma na rataye a wuyansa. Sai filin ya ji koren ɗakin ya fara nishi. Masu jiran bas suka waiwaya. Can sai murya ta fito, da ƙarfin batirin mota:

"Ya Ubangiji, ɗigo ɗaya. Ɗigo ɗaya kawai. Kai da kake saukar da ruwan sama ba lissafi, ka tausaya wa tsoho."

Filin ya kece da dariya. Direbobin tasi suna dukan motocinsu, wani yana ihu, "Amin, Ɗan'uwa, amin!" Herminia ta yi dariya har da riƙe amalanke, dariyar ƙeta ta shekara da shekaru. Amma da nishin ya sake fitowa sai dariyar ta maƙale mata. Ta san nishin nan. Shi take yi a banɗakin gidanta, da tawul a baki don kada maƙwabta su ji. Kunya ta rufe ta. Ta ɗauki ludayi, ta bar amalanken a karo na farko tun ranar sata, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen da ƙarfi.

"Kashe ƙahon, tsoho! Duk gari na jin ka!"

Aka ji ƙit, shiru ya biyo baya. Da ya fito, kansa a sunkuye, ya ja kekensa ya nufi tashar bas ba tare da ya kalli kowa ba. Ta sha gabansa.

"Ina za ka? Wa'azin ya ƙare ne?"

"Na yau ya ƙare, Doña. Wataƙila har da na gobe."

"Don 'yan iskan nan sun yi dariya? Gobe wani za su yi wa. Ji nan, in za ka shiga, ka ajiye tarkacenka a gefen tukunyata."

Ya dube ta, ya dubi leɓɓanta da suka bushe suka tsattsage. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Ya ce, "Ke kuma ki bar min amalanken, ki sha ruwa. Na daɗe ina ganinki da ɓawon lemun nan."

"Ba na roƙon kowa alfarma."

"Wa ya ce alfarma ce? Ki tsare min, in tsare miki."

Ta juya maganar a ranta. In dai ciniki ne, ba ta karya rantsuwarta ba. "To, amma da sharaɗi. Ba ka yi wa tukunyata wa'azi."

"Ke kuma ki rufe hoton nan in ina tsaye a wurin."

"Ita ta riga ka zuwa filin nan. In ba ka son ganinta ka rufe naka idon."

Haka aka ƙulla. Washegari da tsakar rana mutane suka ga abin mamaki, Ɗan'uwa Nicanor tsaye a bayan amalanke mai hoton Maryama, ya kau da kai gefe kamar mai ciwon wuya. Bai tsaya nan ba. Ya sayi tamal da kuɗinsa, ya ɓare ganyen, ya ci a gaban makirufo, duk filin na jin taunarsa.

"Jama'a, kun ji ni a cikin ɗakin can, kun san ba ni da sauran sirri. Ga shi na ci. In na faɗi na mutu ku shaida, in ban mutu ba ku zo ku saya, ku daina cin naman baiwar Allah."

Bai mutu ba. Direbobin tasi ne suka fara dawowa, don su tsokane shi, sai leburori suka biyo. Ba duka suka dawo ba, Doña Fidelina kam har yau in ta zo wucewa sai ta toshe hanci. Amma tukunya ta koma ƙarewa. Herminia ta sayi gora babba ta rataye a amalanken, tana sha tana harararsa, shi kuma in nasa ya matsa sai ya ce wa masu sauraro su yi nazarin abin da suka ji, ya miƙa mata makirufo ya ruga. Faɗansu bai ragu ba ko kaɗan. Likita ta ce ƙodar hagu ba za ta dawo ba, amma ta dama ta tsaya da ƙafarta. Idalia ta daina maganar bola. Shekaru kusan huɗu suka yi a haka.

Sai wata Litinin bai zo ba. Herminia ta riga ta sha ruwanta tun safe, ta wuni a matse tana zaginsa a zuci. Talata ma shiru. Ba ta san gidansa ba, abin da ya ba ta haushin kanta ke nan, shekaru kusa da mutum ba ka san inda yake kwana ba. Ta dubi mutanen filin ɗaya bayan ɗaya, ta kasa buɗe baki ta roƙi kowa. Ta mayar da gorar gida. Kafin mako biyu ƙugunta ya fara yi mata magana.

A mako na uku ta hango shi yana saukowa daga bas, a hankali, yana dafa ƙarfe. Kwat ɗin ta yi masa yawa kamar ta aro. Ba lasifika, sai 'yar kujerar ninkewa a hammata. Ya buɗe ta a gefen amalanken ya zauna yana haki.

"Ina ƙahon?"

"Na ba yaran cocinmu. Muryar ta tafi, Doña." Da ƙyar ta ji shi. "Ciwon daji ne. Sun sa min roba, ga jaka nan a ƙafata. Ni da ɗakin can mun yi sallama, kwandalata ta huta."

"To me ya fito da kai? Mutum a wannan hali, yana hawan bas?"

"Ina gorar?"

Ta shiga goge murfin tukunya. Ya ce, "Na sani. Ina kwance ina cewa, matar nan mai taurin kai ta koma tsotsar lemu. Zuba kunun ki sha, ina nan."

"Nicanor, ba ni da abin da zan tsare maka yanzu. Cinikin ya mutu."

"To ki karɓi alfarma sau ɗaya a rayuwarki, ba za ta kashe ki ba. Ƙishirwa ce za ta kashe ki."

Ta zuba kunun ta sha, kofi biyu, hawaye na gangarowa cikin kofin. Haka ya riƙa zuwa kullum, yana ramewa a kan idonta. Tana ce masa ya zauna a gida, yana cewa gida ba iska. Ita kuma, gaskiya ɗaya ce, tana jin daɗin zuwan nasa, don muddin yana kan kujerar nan filin nata ne.

Wata Alhamis da rana ta shiga koren ɗakin, ta ɗan jima. Da ta fito ta hango kansa ya langaɓe a ƙirji. Ta ruga wurinsa. Barci ne kawai, maganin da suke ba shi ne ke kayar da shi. Amma kafin barcin ya ɗauke shi, ya kwance laktayen wuyansa, ya ɗaure wuyan hannunsa da marikin amalanken, ɗauri biyu, don kada wani ya ja kayan bai farka ba. Hannun ya zama ƙashi da fata, ɗaurin har ya shiga naman.

Ta daɗe tsaye tana kallon hannun. Masu saye suka zo, ta sallame su da raɗa. Ba ta kwance ɗaurin ba sai da ya buɗe ido da kansa.

"Ba wanda ya taɓa," in ji shi.

"Na gani." Ta durƙusa tana kwance masa, tana murza wurin da ya yi shaida. "Gobe kada ka zo. Ni ma ba zan fito ba."

"Idalia ce?"

"Ƙafafuna ne. Sun gaji da tsayuwa."

Ya dube ta. Shekarun da ya yi yana jin ƙaryar masu tuba sun isa ya gane wannan, amma ya bar ta da ƙaryarta. Ta ce ya faɗa mata lambar ɗakinsa da sunan titin, ta maimaita har ta haddace.

Ranar ta tura amalanken gida tun rana na tsaka, da sauran tamal a tukunya, ba ta kuma sake fitowa da shi ba. Ta yi kukan filin nan kamar an yi mata mutuwa. Ba ta koma gidan Idalia ba, tana ɗakinta tana naɗa tamal ranar Asabar ga masu biki da suna. Sauran ranakun kuwa, har ƙarshen wannan hunturun, bas biyu take hawa da fulas ɗin romon kaza, ta hau bene hawa uku na wani tsohon otal, ta zauna a bakin gadonsa tana ba shi da cokali, suna musu a kan hoton da ta kafa masa a taga.